Awartakin Babanmu a Doha

Tun da na dawo daga Qatar ban huta da tambaya ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna wajen mai shayi a tare ni. Wani yana son jin tsawon gine-gine, wani yana son ya san ko gaske ne ana sanyaya titi. Ni kuwa in na fara ba da labari da baki, sai tsoro ya kama ni kada in ƙara abin da bai faru ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi yadda ya kasance, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Amana na kai.

Gidanmu gidan ƙira ne, kuma abin da aka san mu da shi tun kakanni shi ne bindigar maharba. Kakanmu shi ya ƙirƙiro wani ɗan murfi da ke hana ruwan sama jiƙa albarushi, maharba suka daina zaman gida da damina. Babanmu ya yi bindiga mai baki biyu da bututun tsohuwar mota. Ƙanena Habibu kuwa, tun gemu bai fito masa ba ya ƙera wani ɗan makulli da ke riƙe kunamar bindiga, ko maharbi ya faɗi da bindiga ba za ta tashi ba. Duk abin da ya fita daga maƙerarmu yana ɗauke da ɗigo uku a ƙarƙashinsa, shaidar gidanmu ke nan. Ni dai ban gaji hannun ba. Zuga nake yi. Tun ina yaro wajen zugazugi aka ajiye ni, kuma ban taɓa jin haushin haka ba, don daga nan nake kallon komai: Baba yana duka, Habibu yana riƙe, maharba suna zaune a kan kututture suna ƙaryar namun da suka kashe.

Da zamani ya lalace, aka daina shiga daji don nama. Wata rana 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen su Inna, mahaifiyarmu. Da gari ya waye aka tsinci wata bindiga da suka yar a bakin rafi, aka juya ta, sai ga ɗigo uku. Ba mu muka sayar musu ba, a hannun wani maharbi suka ƙwace ta. Baba ya daina ƙera bindiga daga ranar, ya koma fartanya da lauje da garma. Habibu kuwa bai tsaya nan ba. Ya ce shi da wuta har abada. Ya nemi aikin gadi a Doha ya tafi, ko hutu bai taɓa zuwa ba.

Bara Baba ya rasu. Kafin ya cika ya ce awartakinsa na Habibu ne. To a gidanmu akwai al'ada: in babban maƙeri ya rasu, ana rufe uwar maƙera da buzu, ba a sake hura wuta sai magajinsa ya karɓi awartaki ya ba da izini. Kuma ba a aika shi da ɗan saƙo, ba a ajiye wa mutum a gabansa. Sai ya miƙo hannu da kansa ya karɓa daga hannun ɗan gida. Mun yi ta waya, Habibu yana cewa a ba Baffa Sani, ƙanen Baba. Baffa yana cewa shi ba zai taɓa abin da mamaci ya ambaci sunan wani a kansa ba. Maƙera ta yi sanyi, damina tana matsowa, manoma sun fara kai fartanyarsu wani gari. Ranar da Inna ta ce mini, "Isiyaku, kai za ka kai masa," na rasa ta inda zan fara, don ni ko Abuja ban taɓa zuwa ba.

Wanda ya yi mini hanyar biza wani abokin aikin Habibu ne, Ɗanladi, mutumin Zonkwa, mai gyaran injuna a kamfanin da Habibu ke gadi. Ni ban san shi ba sai a waya.

Na naɗe awartakin a cikin tsohon rawanin Baba, na sa a tsakiyar jaka, na kewaye shi da ƙullin gyaɗa da kuka da daddawa. A motar Kano na hana yaran tasha ɗora jakar a sama, na rungume ta a cinya har muka isa. Matar da ke kusa da ni ta gaji da gwiwata ta ce, "Malam, jariri ne a ciki?" Na ce a'a, ƙarfe ne. Ta matsa.

A filin jirgi na Kano ban jira an tambaye ni ba, na je wajen wani jami'i na ce ina da ƙarfe a jaka. Ya sa na kwance. Ya ɗaga awartakin yana juyawa.

"Baba, haƙori za ka je cire wa Larabawa?"

"Na ƙira ne, ranka ya daɗe. Gadon gida ne."

"Me kuke ƙerawa?"

"Fartanya da lauje."

Ya ce in sa shi a kayan da za su shiga ƙasan jirgi, ya sallame ni. Gaskiya na faɗa masa, don abin da muke ƙerawa yanzu ke nan. Amma har jirgi ya tashi ina ta auna maganar a raina, ko ya kamata in ƙara da abin da muke ƙerawa a da. Abincin da aka kawo ban iya ci ba, sai burodin. Salla kuma a zaune na yi ta, ban san inda alƙibla take ba, da na sauka na sake ta.

A Doha ma an buɗe jakar. Wani jami'i, saurayi mai farar riga da gyararren gemu, ya shinshina daddawa ya kawar da kai, sannan ya ɗauki awartakin ya yi mini tambaya da Larabci. Na kwatanta masa da hannu: wuta, ƙarfe, duka. Ya kira abokinsa suka duba tare, ni kuwa gumi yana bin bayana duk da sanyin wajen. Can sai ya ce, "Khalas, yalla," wato an gama, wuce, ya tura mini jakata. Kalmomin nan biyu su na fara koya a ƙasar, kuma su na fi ji har na baro ta.

Habibu yana bakin fita. Ya yi ƙiba kaɗan, ya yi haske. Da muka yi musabaha na ji tafin hannunsa da laushi kamar na mai sayar da yadi, sai hawaye ya zo mini. Ya karɓi ƙullin tsaraba, amma jakar bai taɓa ta ba.

Ɗakin da kamfani ya ba su ba a kai baƙo, don haka a gidan Ɗanladi na sauka, a wata unguwa da ake kira Wukair, inda gidaje duk iri ɗaya ne. Washegari na fita neman masallaci, da na dawo na ƙwanƙwasa ƙofar wasu Indiyawa. Matar Ɗanladi, Rahila, nas ce a wani asibiti. Kafin in zo ta sayi sabuwar buta da dadduma, ta tambayi maƙwabta alƙibla ta manna ɗan tef a bango. Ta lura ina juya nama a kwano ba na ci.

"Malam, ci abinka. A garin nan ko ka nemi wanda ba yankan Musulmi ba, ba za ka samu da sauƙi ba."

"Ba wai zargi nake ba."

"Zargi kake," in ji Ɗanladi. "Habibu ya gaya mana. Ya ce ko ruwan rijiyarku sai ka leƙa shi sau biyu."

Da kukar da na kawo ta yi mana miya, ta tuƙa tuwon shinkafa. Abincin ƙasar kuwa shinkafa ce mai kayan ƙamshi da busasshen lemun tsami a ciki, sai wani shayi mai kauri da suke kira karak, wanda ake miƙo wa mutum ta tagar mota. Abin da ya fi ba ni mamaki, babu mai gaishe ka a hanya. A garinmu daga gida zuwa maƙera sai ka gaisa da rabin unguwa. Can kuwa ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ƙafar mutum a ƙasa ba, sai motoci. Sun shigar da ni jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin gari, na zauna a gaba, na duba babu direba. Na ce mu sauka. Ɗanladi ya yi dariya har wani Bature ya juyo.

Ranar hutun Habibu ta farko na fito da awartakin. Muna zaune a falon Ɗanladi mu biyu. Na kwance rawanin, na riƙo shi ta baki, na miƙa masa ƙotar yadda ake yi. Ya kalle shi, ya sa hannayensa biyu a aljihu.

"Yaya, na gaya muku a waya."

"Ba ƙira aka ce ka yi ba. Karɓa kawai za ka yi, ka ce a hura wuta."

"In na karɓa na zama maƙeri. Gobe wani ya zo da kuka, ɓarayi sun dame shi, a yi masa guda ɗaya ya kare gidansa. Ka san Baffa ba ya iya cewa a'a. Da izinin wa za a yi? Da nawa."

"Manoma fa? Inna fa?"

"Kai ba ka je ƙauyen ba ran nan. Ni na je. Ni na juya bindigar."

Hannuna ya gaji da miƙo, na mai da shi cikin rawanin. Bayan nan na sake gwadawa, a mota, da kuma wata kasuwar ma'aikata da ake kira Asian Town inda ya kai ni ya saya wa Inna bargo. Duk lokacin da ya ga na taɓa jaka sai hannunsa ya shige aljihu. Kwanakin bizata suna ta raguwa. Inna ta kira ta ce an yi yayyafin farko, ba ta tambaye ni komai ba.

Ina zama ba aiki, sai Ɗanladi ya fara tafiya da ni wajen aikinsu, in zauna a inuwar ɗakin gadi. A nan na san wani tsoho, babban injiniyansu, wanda Hausawan wajen ke kira Baba Mika'ilu. Daga wata ƙasa mai ƙanƙara yake, kusa da Rasha, sunanta ya ƙi zama a bakina. Ya kusa barin aiki ya koma gida. Kullum da hantsi sai ya aiko mini da shayi, wata rana kuma ya kira ni ofishinsa muka sha tare, Habibu yana yi mana tafinta. Ɗanladi da bakinsa ba ya shiru ya riga ya gaya masa mu maƙera ne tun kakanni.

Tsohon ya buɗe aljihun tebur ya fito da wani ɗan abu a cikin ƙyalle. Bai fi kan babban yatsa ba, mai kusurwa huɗu, ƙasansa da tsini, kowane gefe da harafi irin wanda ban taɓa gani ba. Ina ɗauka na ji nauyinsa na san darma ce, irin wadda muke narkawa mu zuba harsashi.

Ya ce na kakarsa ne ta wajen uwa, ita Bayahudiya ce. Da na ji haka gabana ya faɗi, don ban taɓa zama da wanda ya haɗa jini da Yahudu ba, sai dai abin da nake ji a rediyo. Na dubi kofin da ke hannuna, na dubi tsohon da ya yi kwanaki yana aiko mini da shi. Na ci gaba da sha.

Ya ce a garin kakarsa, in sanyi ya yi tsanani suna da wani biki da ake kunna fitilu dare bayan dare. Kafin bikin, yara kan sassaƙa mazubi na itace, su narka darma a cokali a murhun uwarsu, su zuba irin wannan. Sai a zauna a ƙasa kowa da 'ya'yan itacensa a gaba, a tara wasu a tsakiya, a murza abin ya yi ta juyi. In ya faɗi a wannan harafi ka kwashe duka, a wannan ka ɗauki rabi, a wannan ba ka da komai, a wannan kuwa kai za ka ƙara.

Na ce, "Ai katantanwa ce." Na gaya masa yadda muke goge bayan katantanwa a dutse mu murza ta a rairayi, da yadda Baba yake zuba mana ragowar darma a ramin ƙasa ya yi mana tamu, wadda ta fi ta kowa daɗewa tana juyi. Habibu ya fassara rabin maganar ya tsaya, sai da tsohon ya taɓa shi ya ƙarasa.

Matsalar ita ce ɗan maƙallin da ake murzawa ya karye tun da daɗewa. Tsohon yana son ya kai wa jikanyarsa shi yana juyi. Ya nuna mana hannunsa yana rawa, ya ce shi ba zai iya ba yanzu, yaran aikinsa kuma walda suka sani, wutarsu za ta mai da shi ruwa. Ya dubi Habibu. Habibu ya ce shi mai gadi ne. Sai ya dube ni.

Har yau ban san yadda aka yi na ce to ba. Dattijo ne, na sha shayinsa, kuma kunya ta hana ni cewa ni zuga kawai na iya. Na kwana biyu ina neman yadda zan janye, na rasa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, wajen aiki a rufe, tsohon ya buɗe mana ɗakin gyara. Ɗanladi ya kunna ƙaramar wutar gas, ya kawo guntun darma da cokalin ƙarfe. Habibu ya zo don tafinta, ya tsaya can bakin ƙofa, hannu a aljihu. Na duba kayan aikin wajen, duk baƙi ne a hannuna, sai na kwance rawani na ɗauko awartakin Baba, shi kaɗai na sani.

Na kama abin wasan tsohon da shi. Na tuna Baba yana ɗumama wuri kafin ya zuba sabuwar darma a kai, don haka na matsa da shi kusa da wuta. Amma wutar gawayi na sani, mai ja, wadda nake ji a fuskata. Wannan shuɗiya ce, ba ta da hayaƙi, ba ta nuna zafinta. Na ga gefe ɗaya ya fara sheƙi, kusa da harafin.

"Yaya, ja baya."

Na ja, amma na matse shi da ƙarfi, na ji bakin awartaki yana shiga jikin darmar.

"Sassauta. Ba ƙusa ba ce. Yaya, za ka narka wa bawan Allah kakarsa."

Ban ga lokacin da Habibu ya baro ƙofa ba. Na dai ji hannu ya zo ta kan kafaɗata ya kama ƙotar. Na saki.

Ya ce wa Ɗanladi ya rage wuta. Ya nemi guntun katako ya huda shi da ƙusa ya yi ɗan mazubi, ya kankare wurin karayar da wuƙa har ya yi fari, ya naɗe sauran jikin da jiƙaƙƙen tsumma. Cokalin ya ɗora a wuta, abin kuwa ko kusa bai kai shi ba. Ya leƙa darmar yana karkata kai gefe, yadda Baba yake yi, har na kawar da ido. Ya zuba. Muka jira. Da ya huce ya fasa katakon, ya goge, ya murza a kan tebur. Ya yi tangaɗi ya faɗi. Ya ɗan kankare gefe ɗaya ya sake murzawa. Sai abin ya tsaya cak a kan tsininsa kamar ba ya motsi.

Tsohon ya cire tabarau ya goge, ya ce wani abu da harshensu wanda ba wanda ya fassara. Sannan ya zauna a ƙasa, da tsufansa, ya ce sai mun yi wasan. Akwai gyaɗar gida a aljihuna, aka raba. Ni na ce ba zan shiga ba sai an yarda ba caca ba ce, a ƙarshe a mai da gyaɗar wuri ɗaya kowa ya ci.

"An yarda, Liman," in ji Ɗanladi. "Ko da yake ka faɗa ne don ka ga ni ke kwashewa."

Muna cikin wasa na lura Habibu da hannu ɗaya yake murzawa. Ɗayan yana kan cinyarsa, riƙe da awartaki. Ya ga ina kallo. Shi ma ya duba hannun nasa, ya daɗe.

"Da gangan ka yi, Yaya."

"Wallahi iyakar iyawata ke nan."

Ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun muna yara, sannan ya share ido da bayan hannu.

"Ka ce wa Baffa a hura wuta. Fartanya, lauje, garma, ƙyauren ƙofa. Duk wanda ya zo neman ɗayan abin, ko waye shi, a ce mai awartaki ya hana. Ni zan riƙa kira ina tambaya."

Mutane da dama da na ba labarin nan sun ce dabara na shirya. Ina so a sani ba haka ba ne. Da Habibu ya ƙara jinkiri kaɗan, da na lalata wa tsohon nan abin da ba shi da na biyu, kuma har yanzu in na tuna sai barci ya ƙi zuwa.

Ranar da zan taho, Rahila ta cika mini jaka da dabino, Baba Mika'ilu ya rungume ni har hulata ta faɗi. A filin jirgi Habibu ya sa mini wani ɗan ƙulli a aljihu ya ce na Inna ne. Na tambaye shi ko ƙarfe ne, don in san abin da zan gaya wa jami'ai. Ya ce, "Yaya, don Allah ka shiga jirgi." Duk da haka sai da na nuna musu.

Na iso gida an yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa tana ƙamshi. Washegari Baffa Sani ya yaye buzun daga kan uwar maƙera, na zauna a wurina na kama zugazugi. Fatar ta bushe, sai da muka shafa mata mai. Kafin azahar fartanya ta taru a bakin ƙofa.

Da yamma na kai wa Inna ƙullinta. Katantanwar darma ce, 'yar ƙarama, ba harafi ko ɗaya a jikinta. Idon Inna ya yi rauni yanzu, da yatsa take gani. Ta shafa ta ko'ina, ta juya ƙasanta, sai babban yatsanta ya tsaya wuri ɗaya. Na karɓa na duba a haske. Ɗigo uku ne.

Ta ce in miƙo mata faranti. Ta murza, ta kasa, ta sake murzawa, ta kama. Muka zauna muna jin ƙararta a kan farantin, daga waje kuma ana jin masabar Baffa.